Tambaya: maziyyi kaɗai, ko wasa ba tare da shiga ba, zai iya kawo ciki?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ina neman masu sani su warware mini wannan. Ma'aurata da ke son tazara, mijin yana fitarwa waje kafin ya kawo, wani lokaci ma wasa kawai suke yi a bakin farji ba tare da shiga ba. Wasu sun ce maziyyi ruwa ne kawai, babu komai a cikinsa, wasu sun ce yana sa ciki. Wanne ne gaskiya? Kuma idan abin ya riga ya faru, me ya kamata a yi?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yana iya sa ciki, duk da cewa hatsarin bai kai na maniyyi ba.

Maziyyi yana fitowa ne daga wasu 'yan ƙananan gaɓɓai biyu a tushen azzakari, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Aikinsa santsi da share hanyar fitsari kafin maniyyi ya biyo. Su waɗannan gaɓɓan ba sa yin ƙwayoyin haihuwa, daga nan maganar "ruwa ne kawai" ta samo asali. Matsalar ita ce hanyar ɗaya ce. Ƙwayoyin maniyyi kan sulale su gauraya da shi, ko kuma ya kwaso ragowar waɗanda suka maƙale bayan kawowar baya. A wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2011, an duba maziyyin maza 27, aka samu ƙwayoyi a na mutum 11, kuma a na 10 daga cikinsu ƙwayoyin suna motsi. Namiji kuwa ba shi da hanyar sanin ɓangaren da yake, ba ya ma jin lokacin da ruwan ke fita.

Shi ya sa fitarwa waje ba ta da tabbas. Cikin mata 100 da suka dogara da ita shekara guda, kusan 20 kan samu ciki. Ko an kiyaye ta daidai kowane lokaci, ana samun kamar 4. Fitsari tsakanin zagaye na farko da na biyu yana wanke ragowa, amma ba ya hana sababbi sulalowa.

Likitan Mata:
Bari in taɓa ɓangaren wasa a waje, don a nan aka fi ruɗewa. Tambaya ɗaya za a yi: ɗanyen ruwan namiji ya taɓa bakin farji ko bai taɓa ba?

Idan fata da fata aka goga, maziyyi ko maniyyi ya zuba a wurin, akwai hatsari. Ƙarami ne, amma yana nan, musamman kwanakin da mace take ganin farin ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, domin a cikinsa ƙwayoyin ke iyo su haura. Haka idan yatsa ya kwaso ɗanyen maniyyi aka sa shi ciki nan take. Kuma kada a dogara da budurci. Tantanin yana da ƙofa, ta nan jinin al'ada ke fita, ta nan kuma ƙwaya za ta iya shiga. Idan kuwa da tufafi a tsakani, ko ya zuba a cinya ko ciki nesa da gaba, ko ya riga ya bushe, to hankali ya kwanta. Sumbata da wasan baki ba sa kawo ciki ko kaɗan.

Lokaci ne ke ƙara nauyin abin. Ƙwayar maniyyi tana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuma awa 12 zuwa 24 bayan saukarsa. Ƙwai yakan sauka kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, ba bayan wadda ta wuce ba. Wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, lissafi zai yaudare ta.

Ungozoma:
Kan abin yi bayan faruwarsa: wanke cikin farji da ruwa, tsallen-tsalle, ko yin fitsari ba sa hana komai. Hanyar fitsarin mace daban take da farji, ƙwayoyin kuma cikin mintuna suke isa bakin mahaifa.

Abin da ke aiki shi ne maganin gaggawa. Levonorgestrel mai miligiram 1.5 ana sha cikin awa 72, da wuri ya fi. Ulipristal mai miligiram 30 yana kaiwa awa 120. Dukansu jinkirta saukar ƙwai suke yi, ba zubar da ciki ba, don haka idan ƙwai ya riga ya sauka ba su da tasiri. Idan aka yi amai cikin awa 2 da shan na farkon, ko awa 3 da shan na biyun, a sake shan wani. Na farkon yakan yi rauni ga mace mai nauyin da ya haura kilo 70, sai ta faɗa wa ma'aikacin lafiya. Mafi ƙarfi duka shi ne abin da ake sakawa a mahaifa mai jan ƙarfe, cikin kwana 5, yana karewa sama da kashi 99 cikin 100.

Gwajin fitsari kuma kada a yi gaggawarsa. A jira ranar da al'ada ta saɓa, ko kwana 21 bayan abin, a yi da fitsarin farko na safe. Maganin kansa yana iya matsar da al'ada gaba ko baya da 'yan kwanaki. In ta wuce mako ba ta zo ba, a gwada.

Likitan Mata:
Ƙari ɗaya, Maman Biyu. Maziyyi yana ɗaukar ƙwayar cutar ƙanjamau da ciwon sanyi, kuma fitarwa waje ba ta kare ko ɗaya. Idan kwaroron roba za a yi amfani da shi, a sa tun kafin gaba ta taɓa gaba, ba sai an kusa kawowa ba. Masu son tazara ta gaske, su je asibiti tare su zaɓi allura, ashanar hannu ko ƙwaya, wadda ta dace da jikin matar, musamman idan tana shayarwa.