Tudu, zafi ko iska: wanne ya fi cinye muku lokaci a gudun fanfalaki?

Mai Gudun Asuba: Jama'a, barkanmu da war haka. Nisan gudun fanfalaki ɗaya ne a ko'ina, kilomita 42.195, amma mutum ɗaya da atisaye ɗaya sai ya gama da wuri a wannan gari, a wancan kuma ya ƙara minti ashirin. Waɗanda suka gwada hanya mai tudu ko mugun yanayi, ku ba mu labari. Ni dai zafi nake zargi.

Tsohon Ɗan Tsere: Ɗana, ni gangara nake zargi. A tseren Boston kowa tudun da ake kira Heartbreak Hill yake tsoro, alhali hawansa bai kai mita 30 ba. Matsalarsa inda aka ajiye shi, bayan kilomita 32. Daga Hopkinton inda ake tashi, hanyar gangarawa take yi, jiki ya yi ta jin daɗi, ashe kowane taku cinyoyin gaba ne ke taka birki. Ban ji komai ba sai da muka shiga tuddan Newton wajen kilomita 26, na nemi ƙafa na rasa. Saukowar ƙarshe zuwa cikin gari ma ta fi hawan ciwo. Washegari da baya-baya na sauko matakalar masauki. Saboda wannan gangara, da kuma yadda hanyar ta miƙe daga gari zuwa gari, ba a ƙirga lokacin Boston a tarihin duniya. A 2011 Geoffrey Mutai ya yi 2:03:02 iska na tura shi, ya fi lokacin da ke riƙe da kambun duniya a sannan, amma ba a amince da shi ba.

'Yar Sanyin Safiya: Baba, tunda ka kawo Mutai, ga 2018 a wannan hanya dai. Ruwa mai sanyi, iska kuma a fuska tun daga farko har ƙarshe. Yuki Kawauchi ya ci da 2:15:58, wato kusan minti 13 tsakaninsa da Mutai, kuma tuddan ba su ƙaru ba. Na taɓa shiga irin wannan ruwan a wani tseren daban. Yatsuna suka sandare har na kasa riƙe kofin ruwa, riga ta jiƙe ta yi nauyi. Abin da ya taimake ni laɓewa bayan wasu dogayen maza su tare min iska.

Ɗan Gumi: Duk ku yi haƙuri, bayan Mai Gudun Asuba nake. Tudu kana ganinsa a taswira tun kafin ranar, ka yi atisayensa, in ka haye ya wuce. Zafi da laima suna tare da kai kilomita 42 cif. Na yi gudu a rana mai laima, gumi na zuba har cikin takalmi amma ba ya bushewa, kuma bushewar ce ke sanyaya jiki. Jini ya koma fata neman sanyi, tsoka ta samu kaɗan, zuciya ta ƙara bugu alhali saurina na raguwa. Daga kilomita 28 jijiyar ƙafa ta fara ɗaurewa, sauran kuwa tafiya da sassarfa. Ku tuna gasar duniya ta Doha a 2019: da tsakar dare aka tashi tseren mata don kauce wa zafin rana, duk da haka cikin mata 68 da suka fara, 28 ba su ƙarasa ba. Kuma gwanayen duniya ne fa. Chicago shimfiɗaɗɗiya ce, a can Kelvin Kiptum ya yi 2:00:35 a 2023, amma a 2007 zafi ya sa aka dakatar da tseren ana tsakiyarsa. Ni in ma'auni ya nuna wajen digiri 10 da safe, murna nake.

'Yar Sanyin Safiya: Yaya, shimfiɗar ma tana da nata. A Berlin na samu lokacina mafi kyau, inda Eliud Kipchoge ya yi 2:01:09 a 2022, sai dai tsoka ɗaya ce ke aiki ba canji, ƙuguna ya gaya min.

Mai Hawa Dutse: Ba wanda ya ambaci tsayin ƙasa. Birnin Meziko yana sama da teku da mita 2,240. Ƙafata lafiya lau, numfashi ne ya ƙi cika, saurin da nake hira da shi a wani wuri a can haki nake.

Mai Gudun Asuba: Baba, wata tambaya. New York nake hari, an ce gadojinta biyar su ne tuddanta. Atisayen hawa zan fi bai wa ƙarfi ko na sauka?

Tsohon Ɗan Tsere: Haɗa duka, amma ka sa su a ƙarshen dogon gudunka, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Gadar Queensboro wajen kilomita 25 take, kuma ba 'yan kallo a kanta.