Wa ya taɓa canza na'ura don ta mutu, ba don sabuwa ta fito ba?

Salam 'yan uwa. Kindle Paperwhite ɗina, wato na'urar karanta littattafai, ta tsufa amma lafiyarta ƙalau, caji ɗaya sai in yi makonni ina karatu tunda irin allonta ba ya jan batir sosai sai an juya shafi. Yanzu ƙanina ya matsa min wai in sayi mai kala da ta fito a 2024, ni kuma na rasa me kala za ta ƙara wa littafin da rubutu ne zalla. Kowa ya faɗi nasa.

Malama daga Zariya: Ni dai ba zan ce kowane sabon abu yaudara ba ne. Wadda na fara riƙewa ba ta da haske, in an ɗauke wuta sai in maƙale tocila a wuya ina karatu yara na barci. Da aka fito da mai fitila a cikin allo a 2012 wallahi an share mana hawaye. Daga nan sai wadda ruwa ba ya ɓata ta, shi ke nan, sauran duk ban ga bambanci ba.

Mai gyaran waya, Farm Centre Kano: Hajiya kin faɗi gaskiya, amma ku zo shago ku gani. Da murfi kawai za ka ɓalle ka sa sabon batir mutum ya kama gabansa, yanzu an manne komai da gam, sai na hura wa bayan wayar iska mai zafi ina lallaɓawa ina addu'a kar gilashi ya tsage, duk don a ce ta yi siriri. Abin na min ciwo, mutum ya kawo waya garau batir ne kawai ya kumbura amma kuɗin gyara ya sa ya haƙura.

Ɗan Maradi: Canjin da na ji daɗinsa bakin cajan nan ne na USB-C, caja ɗaya ta ishi gida, har iPhone ta koma amfani da shi a 2023.

Wata ɗaliba: Tawa ko tsagewa babu, kawai manhajar da muke karɓar darasi ce ta ce wayar ta tsufa ba za ta buɗe ba. Sai da na ci bashi na sayi wata. Oga mai gyara, tsohuwar ana iya yi mata wani abu ko in ba Inna ta riƙa amsa kira?