Adaka ko mai baki biyu: wacce ta fi tausayin naman daji?

Baba Sale (Agege): Na faɗa jiya a zango, yau ma ina nan a kan bakana: adaka ta fi bindigar zamani adalci. Harbi ɗaya gare ka. Kafin ka ɗura albarushi, ka danna tsumma, ka zuba ƙarafa ta baki, sauran dabbobin sun sha. Mai harsashi kuwa sai ya ga bayan garke.

Habu Direba (Mile 12): Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Ina yaro na bi kawuna daji, ya harbi gada da adaka, ƙarafan suka watsu a cinyarta. Muka bi jini har magariba, ba mu same ta ba. Bayan kwana biyu ungulu suka nuna mana inda ta faɗi. Ta sha azaba, ta zama mushe, ba wanda ya amfana. Har yau abin yana ci mini rai.

Malam Isa (Idi-Araba): Maganar Habu na da nauyi. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta dabbar da aka buge ta mutu. Sharaɗi shi ne a ambaci sunan Allah lokacin harbi, makamin ya huda ya zubar da jini, in an riske ta da rai a yanka.

Baba Sale: Habu ɗana, kawunka daga nesa ya harba, laifin ba na bindiga ba ne. Mu sanɗa muke yi, mu bi ta ƙarƙashin iska har sai mun ga ƙwayar idonta. Ba ma harbin mai ciki ko mai shayarwa. Yaran yanzu fa? Fitila a goshi cikin dare, duk idon da ya haska sai harbi.

Lawal (Obalende): Ku tuna dokar makamai ta 1959: adakar ma sai da lasisi. Sannan ku leƙa kasuwar Epe da ke Legas, yawancin ɗankunyar (dabbar nan mai ɓawo a jiki) da ake kawowa, da hannu ko tarko ake kama shi, ba bindiga. Tun 1956 aka keɓe Yankari, amma har yau masu gadin dajin na fama da maharba.

Habu Direba: Na ji, Baba. To amma cikin masu riƙe adaka yau, nawa ne ke da haƙurin sanɗar nan taku?

Baba Sale: Kaɗan ne, wallahi. Ka zo Agege ranar Juma'a bayan masallaci, mu ƙarasa.