Tabar Baba: ita ke kwantar masa da hankali ko ita ke tayar masa?

Yaya Auwalu: Assalamu alaikum. Jiya na leƙa Gwammaja na tarar Nasiru ya ɓoye wa Baba kwalin tabarsa. Don Allah a daina. Mutum mai shekara 72, tun rasuwar Hajiya ba ya barcin kirki, ko majalisar ƙofar gida ya daina fita. Tabar nan ce kaɗai ke kwantar masa da hankali. Abin da ya yi shekara hamsin a kai, ba yanzu za a raba shi da shi ba.

Nasiru: Yaya, da kara biyar yake sha a wuni, yanzu kwali guda ba ya kai shi dare. Ni nake kwana a gidan, ni nake jin tarinsa da asuba har sai ya dafa bango.

Hadiza: Yaya, ka yi haƙuri, a nan ban yarda da kai ba. Idan ya zuƙa, nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba, yana isa ƙwaƙwalwa kafin daƙiƙa 20, shi ya sa yake jin sauƙi nan take. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, jiki ya fara nema: ƙunci, saurin fushi, rashin sukuni. Sai ya kunna wata, abin ya lafa. Ƙishirwar da tabar ta haddasa ce tabar take kashewa. Ga shi tana ƙara bugun zuciya, kuma dattijon da numfashi ke sarƙe masa cikin dare, dole fargaba ta kama shi.

Yaya Auwalu: To ai ba taba ce ta kawo masa rashin Hajiya ba. Damuwar ce ta fara zuwa, sannan shan ya ƙaru.

Goggo: Gaskiyar Auwalu. Haka ya yi lokacin da aka rufe masaƙarsu a Sharaɗa. Yayana ba mai faɗin cikinsa ba ne, shi ke nan sai ya riƙe abin a ransa. Ku bar shi da abin da zai rage zafi.

Hadiza: Goggo, ban musa ba. Damuwa tana tura mutum ga taba, tabar kuma tana riƙe shi cikin damuwar, kowace tana ciyar da 'yar uwarta. Abin da ya tsaya mini shi ne cewa wai in ya daina zai fi shiga ƙunci. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike 26 da suka bi mutane aƙalla sati shida bayan sun daina. Waɗanda suka daina, fargabarsu da damuwarsu sun ragu fiye da na waɗanda suka ci gaba, har da masu lalurar ƙwaƙwalwa a cikinsu.

Yaya Auwalu: Mai ƙarfin zuciya ne dama yake iya dainawa. Ba mamaki tun farko sun fi sauran nutsuwa.

Hadiza: Wannan tambaya ce mai kyau, amma kowa an auna shi kafin ya daina, aka sake auna shi bayan nan. Canjin aka duba.

Baffa Sule: Bari in sa baki, tunda ni na sha ta shekara talatin. A azumi na gane abin. Da la'asar ko gaisuwa ba na son amsawa, ina ce yunwa ce, ashe tabar ce. Ana kiran magariba kafin dabino ita nake nema. Da na yanke, satin farko wallahi na sha wuya, ba barci, hannu na rawa, na riƙa cin goro kamar ba gobe, abin ya ƙara ta'azzara. Kafin wata guda ya cika na samu kaina. Auwalu, zaman da nake yi a masallaci yanzu ba tare da hankalina na aljihu ba, ban taɓa saninsa ba a da.

Hadiza: Baffa, goron nan ya taimaka wajen wahalar da ku. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da kafeyin da ke cikin goro da shayi. In an daina, sai ya daɗe a jiki, ga rawar hannu ga rashin barci. Haka ma wasu magungunan ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake sanar da likita kafin a daina. Ni ma ban goyi bayan ɓoye kwali ba, Nasiru, cin fuska ne gare shi. Amma watanni ba barci, ba cin abinci, ya guji mutane, wannan ya kamata likita ya gani. Akwai sashen kula da masu ciwon damuwa a Asibitin Malam Aminu Kano.

Goggo: Ke Hadiza, kada in ji an ce za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Yayana da hankalinsa.

Hadiza: Da hankalinsa sarai, Goggo. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, ana maganinsa kamar yadda ake na hawan jini.

Yaya Auwalu: Likita na yarda, ni zan kai shi. Maganar daina taba kuwa har yanzu ban gamsu ba a wannan shekarun nasa, kuma kada yaro ya tunkare shi da ita.

Baffa Sule: Ku bar mini wannan. Ranar Juma'a bayan an sauko zan ɗauke shi mu je Fagge wajen tsofaffin abokansa, a hanya zan taɓo masa. Nasiru, mayar masa da kwalinsa yau, ka ba shi haƙuri.

Nasiru: To Baffa, yanzu zan kai masa.