Kilen da babu shi a aljihu, me za mu kira shi?

Salamu alaikum ƴan uwa masu harkar ordinatar. Kalma guda ta Hausa nake nema wadda za ta maye "virtuel", wato kayan ordinatar da ke aiki alhali babu shi a hannu, amma ina jin da biyu za mu tashi.

Jiya bayan isha'i, a shagona nan Maraɗi, ina nuna wa yaron da ke koyon aiki wurina yadda ake tayar da Linux cikin QEMU, manhajar nan da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar a 2003, wadda ke gina wata ordinatar a cikin taka. Na rubuta -device qemu-xhci, na bi shi da -device usb-tablet, wato na jona wa ordinatar ta ciki kayan USB da rubutu kawai. Yaro ya leƙa bayan na'ura, ya leƙa gefenta, ya ce: "Maigida, ina abin da ka jona?" Na ce masa virtuel ne. Ya gyaɗa kai don ladabi kawai, na ga bai fahimta ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Wani abokina Bakatsine ya ce a kira shi "na bogi". Ban yarda ba. Bogi da jabu na cuta ne, kuɗin jabu ba ya sayen komai. Wannan kuwa aikinsa yake yi: usb-tablet shi ke faɗa wa baƙuwar na'ura, wato wadda QEMU ya gina a cikin taka, daidai inda linzami yake a allo, shi ya sa ba ta riƙe maka shi idan kana son fita daga tagarta. Wani dattijo malamin lakwal ya kawo "inuwa". Allah ya ƙara girma malam, kalmar ta yi daɗi, sai dai inuwa ba ta tsayuwa sai da mai ita, alhali nan babu wani allon taɓawa na gaske a ko'ina.

Ni "na kwaikwayo" na zaɓa. Mai kwaikwayon kukan zakara ba zakara ba ne, amma an ji kukan. Ka ɗauki fayil, ka rubuta -drive if=none,id=kile,file=kile.img,format=raw, ka ƙara -device usb-storage,drive=kile. Baƙuwar za ta ga kile, abin da ƴan Najeriya ke cewa filashi, ta zuba kaya ciki, ta goge, duk cikin fayil ɗin nan. Kilen kwaikwayo ke nan. Haka usb-kbd madannan kwaikwayo ne, shi kuma QEMU makwaikwayi.

To amma ga inda kalmar ta gaza. Akwai usb-host. Wannan kile ne na gaske da ka ciro daga aljihu ka jona. Ka buga lsusb, umurnin da ke jera kayan USB da ke jone, ya ba ka lamba biyu, ta kamfani da ta samfuri, ka sa su a vendorid da productid, sai QEMU ya miƙa shi ga baƙuwar. Babu kwaikwayon kile a nan, aro ne. Kuma kalmar ta zauna daram, don keken da ka ba da aro ba ka hawansa sai an maido. Haka na'urarka, wato mai masauki, take rasa kilen muddin yana hannun baƙuwa. Idan ma ba ka da izini a /dev/bus/usb, aron ba zai yiwu ba. Da na ce wa yaron "wancan na kwaikwayo, wannan na aro", bai sake tambaya ba, ya jawo madannai ya gwada da kansa.



Abin da ya rage mini shi ne qemu-xhci ɗin kansa, mai kula da ramukan USB 3.0, wanda sauran ke rataya a jikinsa. Na gwada "mahaɗa", na gwada "uwar ramuka", kunnena bai kwanta da ko ɗaya ba. Malamai da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ku masu gyara na bakin babbar kasuwa, don Allah me kuke ce masa idan kuna koya wa yaranku?