Wannan ƙarfen da masu ciwon laka ke sawa su yi tafiya, da gaske ne?

Abban Khadija: Salam jama'a. Don Allah ina neman ƙarin haske, ƙanina ne ya yi hatsarin babur lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Na ga bidiyon wani Bafaranshe Kevin Piette yana riƙe da wutar Olympics ta 2024 yana takawa cikin wani ƙarfe alhali shi ma ƙafafunsa sun shanye. Shin abin nan yana warkarwa ne, kuma nawa yake? Wallahi ko fili ne sai mu sayar.

Ummu Hanif: Allah ya ba shi lafiya. Yaya ni aikina gashin ƙashi ne, zan faɗa maka gaskiya, ba ya haɗa lakar da ta tsinke. Exoskeleton ake ce masa, ana ɗaura shi a ƙafafu da ƙugu, akwai ƙananan injina a gwiwa da kwankwaso, su ke ɗaga ƙafar. Akwai wani irinsa mai suna ReWalk, in mutum ya ɗan karkata gaba sai na'urar ta gane ta jefa taku, amma dole da sanduna biyu da hannu mai ƙarfi, shi kansa Amit Goffer ɗan Isra'ila da ya ƙirƙiro shi bai iya amfani da shi ba don ciwonsa ya taɓa hannuwa. Kuma sai an auna ƙwarin ƙashi tukuna, wanda ya daɗe a zaune ƙashinsa kan yi laushi, ana tsayar da shi yana iya karyewa.

Injiniya_Zinder: Kuɗin fa ba wasa ba, a 2014 da Amurka ta amince a yi amfani da ReWalk a gida kusan dala 70,000 ne, ga caji kullum ga gyara, kuma kan rairayi ko hanya mai ramuka ba zai yi daɗin tafiya ba. Na Japan mai suna HAL daban ne, shi saƙon jijiya yake karantawa daga fata, sai mai sauran motsi.

Abban Khadija: To Hajiya yanzu me kike ba mu shawara?

Ummu Hanif: Kar ku sayar da filin nan don Allah. Ku kai shi gashi a kai a kai, in kuna Kano akwai asibitin ƙashi na Dala, a koya masa tsayuwa da katakon tsayuwa, kafinta ma zai haɗa muku in likita ya ba da awo. A samo keke daidai jikinsa da matashi mai kyau, da dare a riƙa juya shi duk awa biyu ana duba bayansa da dugadugai saboda gyambo, shi ne ke kayar da su da wuri.