'Yan ABU Zariya, me kuka fi kewa a zaman makaranta?

Ɗan Suleiman: Salamu alaikum jama'a. A ajiye zancen lakca da jarrabawa, wannan kowa ya ɗanɗana. Ƙananan abubuwan da suka sa zaman Samaru, babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), daɗi nake so mu tuna. Ni dai tukunyar ɗaki ce. In mutum ya dawo hutu da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da yaji, to ya tashi daga nasa. Ƙarshen zango kuwa, aljihu ya bushe, wannan ya kawo shinkafa gwangwani biyu, wancan wake, wani ɗan guntun manja, a ɗora a risho. Cokali ne kaɗai kowa ke ɓoye nasa.

'Yar Amina: Wa alaikumus salam. Mu a Amina, masaukin ɗalibai mata, ranar Asabar ce. An gama wanki, igiya ta cika, sai a baje tabarma a shiga kitso. A nan wata 'yar Binuwai ta koya mini sakwara, ni kuma na koya mata ɗanwake. Har yau in ta kira ni, tambayarta ta farko ita ce kuka nawa ake zubawa.

Na Danfodio: Hunturun Zariya fa! Ka fito daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da daddare, haƙora na karo da juna, ka tarar da mai shayi ya hura wuta. Bai tambayarka. Ya san haɗinka: madara da yawa, burodi rabi, ƙwai biyu in gida sun turo kuɗi. In ba su turo ba, sai ya ce, "Malam, sha, ka kawo Juma'a." Ba takarda, ba rubutu.

'Yar Kongo: Kullum 'yan Samaru sai ku yi kamar ku kaɗai ne ABU. Mu 'yan Shari'a a harabar Kongo wurinmu ƙarami ne, sati biyu ka san kowa. Da azumi babu mai shan ruwa shi kaɗai, kunu da ƙosai daga ɗaki zuwa ɗaki, har 'yan'uwanmu Kiristoci kan ajiye mana ruwan sanyi kafin magariba.

Na Danfodio: Afuwan ranki ya daɗe, Barista. Amma ku faɗi gaskiya, kuna da dam?

Tsohon Ɗalibi: Yara, kun sa ni dariya. Jami'ar nan tun 1962 take, kuma kowane zamani gani yake nasa ya fi. Mu namu, yamma ta yi a gangara bakin dam, ko a zauna a lambun gumakan 'yan zane ana musun siyasa har a kira sallah. In an ce akwai wasan kwaikwayo a Drama Village kuwa, wurin zama sai wanda ya yi sammako.

Ɗan Suleiman: Baba, Allah ya ƙara girma. Ku ma kuna ɓoye cokali a lokacinku?

Tsohon Ɗalibi: Wane cokali? Mu a kafteriya muka ci, har da kaza ranar Lahadi.